Yadda ake haɗa radiyan na gaz ma ƴan tsaki lokacin ɗari, da abin yi in ya ƙi aiki

Salamu alaikum ƴan uwa masu kiwon kaji. Tun da iskan ɗari ya fara kaɗawa nan Tahoua tambaya guda ce ke ta dawo min, wai yaya ake haɗa murhun gaz na ɗumama ƴan tsaki, wanda muke ce ma radiyan, wasu su ce elebez, kuma mi ya sa yake mutuwa cikin dare ko shi riƙa baƙin hayaƙi. Na gaji da amsa ma mutum guda guda shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Abin da zan faɗa tun yanzu, cikin radiyan goma da anka kawo min wai sun lalace, mafi yawa lahiyarsu lau, ƙura ce ta toshe su ko detandar da anka sa, wato abin da ake ɗaurawa bakin butali mai daidaita matsin gaz, ba nasu ba ne. Ku bi matakan bi da bi, kar a tsallake.

1. Kayan da za ka tanada

Radiyan ɗin kanshi. Kahin ka biya kuɗɗi juya shi ka nemi ɗan allon ƙarhe ko takardar da ke manne jikinshi, lamba uku kake nema: ƙarhinshi da kW, gaz da yake ci a awa da g/h, da matsin da yake so da mbar. In babu allon nan kar ka saya ko da araha ne, don ba ka da ta yadda za ka zaɓa mishi detandar sai dai lalube.

Butalin gaz babba mai kilo 12,5. Ƙarami mai kilo 6 na dahuwa ne, zan faɗi dalili can gaba. In da hali butali biyu.

Detandar, tiyon gaz, kolye biyu masu bis na ɗaure bakin tiyo, juwan sabo wato ƴar robar da ke shiga bakin detandar, sarƙa da ƙugiya, tarmometir, turnabis, kile, birike mai dogon baki, sabulu da soso, kwali ko isorel na zagaye.

Gargaɗi wajen tiyo: tiyon ruwa na garka ko wanda ake auna lebur da shi wajen gini ba tiyon gaz ba ne, gaz na cin shi har shi bushe shi tsage. Na gaz na da rubutu jikinshi, kuma masu kyau har da shekarar da zai ƙare aiki an buga. Duba shekarar, akwai waɗanda sunka tsufa cikin shago tun ba a saye su ba.

2. Detandar, nan mutane ke faɗuwa

Radiyan iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ƙaramin matsi, za ka ga an rubuta 28 ko 30 ko 37 ko 50 mbar, akwai kuma mai babban matsi da ke aiki da detandar mai maɓallin murɗawa wanda ke hawa har sama da bar 1, wato mbar 1000. Detandar na reshon kicin da kowa ya sani 28 mbar ne na butan. In ka ɗaura shi ga radiyan mai babban matsi zai kama amma wuta za ta yi ta lilo kamar ta fitilar aci-balbal, ba zai yi ja ba, ka ce an cuce ka alhali kai ka hana mishi abinci. In kuma ka yi akasi, ka ba mai 28 mbar detandar mai ƙarhi, wuta za ta yi tsalle ta bar jikin murhu tana gurnani, wannan ya hi na farko haɗari.

Ni kaina shekarar da na fara wani mai shago ya haɗa min da detandar na kicin ya ce duk ɗaya ne, kwana biyu ina zagin radiyan kahin wani dattijo mai gyaran resho ya nuna min lambar da ke jikin abin. Saboda haka ka tahi shago da radiyan ɗin a hannu, ka aza lambar detandar kusa da lambar allo ka gani da idonka. Ka duba kuma g/h na detandar ya hi wanda radiyan ke ci, musamman in radiyan biyu za ka rataya ga butali guda.

3. Gyaran wuri kahin a taɓa gaz

Share ɗaki, wanke, bar shi shi bushe. Zuba shimfiɗa kamar santimita 5, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa ko diddigar katako, busassa. Yi zagaye da kwali tsawon santimita 45 zuwa 50. Satin farko tsaki 30 zuwa 40 ke zama a mita kare guda, to in katon biyar ka yi oda, tsaki 250 ke nan, zagaye mai faɗin mita 3 ya ishe su. Zagaye muke yi ba mai kusurwa ba don in sanyi ya kama su kusurwa suke taruwa su danne juna.

Butali waje da zagayen yake zama, in son samu ne bayan bango ta taga, cikin inuwa, tsaye bisa katako ko bulo. Kar shi yi kusa da radiyan, a bar ko da mita 2 tsakani.

Gargaɗi: gaz ya hi iska nauyi. In ya tsiyaya ba sama yake tahiya ba, ƙasa yake kwanciya, daidai inda tsakin suke kuma daidai inda shimfiɗa mai kama wuta take. Kar a aje butali cikin rami ko ɗakin da ba shi da mahitar iska ta ƙasa.

4. Ratayewa

Da sarƙa ake ratayewa, ba igiyar nailan ba, ba tsumma ba, ba wayar kuran mai roba ba. Zahi na hawa sama, igiya za ta narke ƙarhe uku na dare radiyan shi faɗo cikin ɓawon gyaɗa, sauran labarin kun san shi.

Tsayi daga shimfiɗa, ƙananan radiyan kan fara wajen santimita 80 zuwa mita guda, manya sun hi haka, in takardarshi ta faɗi tsayi bi nata. Sarƙar ce za ta ba ka damar ɗagawa ko saukarwa daga baya. Kar shi rataya ɗoɗar, a ɗan karkata shi kaɗan, ɓangaren da tiyo ke shiga shi zama ƙasa, don zahi da hayaƙi su hita ta ɗayan ɓangaren su bar tiyo da filtir, wato matatar da ke tare ƙura inda iska ke shiga radiyan.

Dubi samanshi kuma. In ruhin tol ne da sauƙi, in na zana ne ko kara ko an yi silin da leda, a bar mita guda cikakka kuma a sa guntun tol tsakani. Tiyo shi bi ta gehe shi sauka, kar shi ratsa ta saman radiyan ko da an ɗaure shi.

5. Haɗa tiyo da detandar

Robinen butali a ruhe. Sa kolye cikin tiyo tukuna, sa'annan ka tura tiyo bakin detandar har ƙarshe, in ya yi tauri tsoma bakin tiyon cikin ruwan ɗumi minti guda, kar ka sa mai ko ka gasa shi da birike. Ɗaure kolye da turnabis har shi kama amma ba har shi yanka roba ba. Haka ɗayan bakin wajen radiyan. Masu ɗaurewa da waya ko robar cambar, don Allah ku bari, kolye biyu ba su kai kuɗɗin tsaki guda ba.

Tiyo kar shi yi tsawon banza yana kwance ƙasa kaji na tsattsaga ɓera na ci, ɗaga shi ka ɗaure ga bango.

Yanzu detandar ga butali. Duba juwan na ciki, in ya tsage ko ya yi lebur canza shi. Irin mai murɗawa zarenshi na hagu ne, wato akasin bulon, in kana murɗa dama kwancewa kake. Da hannu ake ɗaure shi, in za ka sa kile to ɗan taɓi kawai, yawan matsewa shi ke murƙushe juwan. Kar a naɗa teflon nan, juwan ke tare gaz ba zaren ba.

6. Gwajin sabulu

Wanga mataki shi mutane sunka hi tsallakewa kuma minti biyar ne kacal. Kaɗa sabulu da ruwa har shi yi kumfa, buɗe robinen butali a hankali radiyan na kashe, shafa kumfa bakin butali, jikin detandar, kolye biyun, da tsawon tiyon duka. Tsaya ka kalla. Inda kumfa ke kumbura yana girma nan gaz ke hita. Ruhe butali, gyara, sake gwadawa.

Gargaɗi: ba a neman tsiyaya da ashana. Na san ana yi, na ga masu saida gaz na yi, ba hujja ba ce. Kuma duk lokacin da ka canza butali sai ka sake gwajin bakin butali, ba ranar farko kaɗai ba.

7. Kunnawa

Buɗe ƙofa da taga. Buɗe butali a hankali. In detandar mai murɗawa ne kai shi sama ko kusa da sama, radiyan da ƙarhi ake tada shi sa'annan a rage. Kunna birike ka kai bakin murhu tukuna, sa'annan ka danna maɓallin gaz, wuta ke jiran gaz ba gaz ke jiran wuta ba. Karon farko zai ɗan jima don iska ce cike da tiyo, in ya wuce ƴan daƙiƙu bai kama ba saki maɓalli ka bari wurin shi sha iska minti biyu ko uku kahin ka sake.

Da ya kama kar ka saki, riƙe maɓallin daƙiƙa 20 zuwa 30. Akwai wani ɗan tsinken ƙarhe da ke leƙe cikin wuta da siririyar wayar jan ƙarhe bayanshi, tarmokupul sunanshi, sai ya yi zahi yake riƙe ƙofar gaz a buɗe, in wuta ta mutu ya huce ya ruhe gaz da kanshi. Shi ne mai gadin ɗakinka.

Bayan minti biyu zuwa biyar raga ko faranti ya kamata shi yi ja bai ɗaya, ba harshen wuta rawaya, ba ƙauri, sai ɗan huci siriri.

Duk wannan a yi shi kwana guda kahin tsaki su iso. Ka bar shi shi kwana yana ci daren nan, ka tashi wajen asuba ka duba tarmometir, lokacin ne sanyi ya hi tsanani. Tsakin da sunka sha hanya tun daga Najeriya sunka biyo ta Konni a gajiye suke isowa, shimfiɗa mai ɗumi suke so su iske, ba kai tsaye kana faɗa da detandar suna kuka cikin katon ba.

8. Daidaita zahi

Tarmometir a tsayin bayan tsaki ake aje shi, gehen inda zahin ke sauka, ba a rataye ga bango daidai kanka ba. Satin farko digiri 32 zuwa 35, daga nan kowane sati a rage 2 ko 3, har wajen sati na uku ko na huɗu da gashi ya ruhe su. Ragewa ta detandar ne in mai murɗawa ne, in ba shi ba ɗaga sarƙa. Kar ka rage ta hanyar matse robinen butali, wuta za ta yi ta rawa ne kawai.

Amma tsakin sun hi tarmometir gaskiya. In sun dunƙule ƙarƙashin radiyan suna tsuwa da ƙarhi, sanyi. In sun watse sun manne ga kwali baki buɗe fukafukai sake, zahi ya yi yawa. In duk sun koma gehe guda, iska ke shigowa ta wani wuri. In sun bazu wasu na ci wasu na barci, bar komi yadda yake ka je ka kwanta.

Nan garin namu ko cikin Disamba da Janairu rana na yin zahi, dare ne da asuba ke da ɗari, saboda haka bayan kwanakin farko za ka iya kashewa in hantsi ya yi ka sake kunnawa kahin magariba. Kar ka jira sai ɗaki ya huce.

Gargaɗi babba, kuma nan na taɓa yin asara: kar a toshe ɗaki ruf da bash don tsoron sanyi. Wutar gaz iska take ci, in iska ta ƙare sai ta fara hidda guba marar wari marar launi. Wata shekara na liƙe ko'ina har ƙasan ƙofa, da sahe na shiga kaina ya sara nan take, tsaki sun yi lamo, na kwashe matattu da yawa ranar. Bash daga ƙasa ake ja shi tare iskan gabas da ke bugun tsaki, sama a bar tsaga kamar tahin hannu ɓangare biyu. Kuma yaron da ke kula da kaji kar shi kwana cikin ɗakin don jin ɗumi, ku faɗa mishi da babbar murya.

9. Lissahin gaz

Kowane kW guda na cin wajen giram 75 zuwa 80 a awa in an buɗe shi duka. Radiyan mai kW 1,5 ke nan wajen giram 110 zuwa 120. Raba kilo 12,5 da haka, ka samu awa ɗari da ƴan kai. In kana kunnawa daga 6 na yamma zuwa 10 na sahe, awa 16, butali guda sati guda ke nan. Mai kilo 6 kwana uku zai yi ya bar ka tsakar dare.

Farashin hukuma da munka saba da shi 3750 ne babba, 1800 ƙarami, wato jikka ukku da dala ɗari da hamsin da kuma jikka da dala ɗari da sittin, ko da yake in gaz ya yi wuya masu saidawa na ƙara nasu. Ka ƙiyasta butali uku ma zubi guda, 11250, in tsaki 250 ne kowane ya ci dala tara. Gaz ɗinmu daga matatar SORAZ ta Zinder yake zuwa, in mota ta yi jinkiri gari na iya wayuwa babu, to cika butulanka duka kahin ranar da tsaki za su zo.

In kana son sanin abin da ya rage, nauyin butali wayam an buga shi jikin ƙarhen, aza bisa sikeli ka ɗebe. Girgizawa kusa da kunne ba awo ba ne.

10. In ya ƙi

Bai kama ba sam. Duba butali da gaz, robine a buɗe, tiyo bai lanƙwashe ba. Wasu detandar na da tsaro da ke datse gaz in an buɗe butali da ƙarhi, ruhe, jira minti guda, buɗe a hankali, in da maɓalli jikinshi danna. In duk lahiya to jiklar ya toshe, wato ɗan ƙarhe mai siririn rami da gaz ke hitowa ta ciki shi shiga murhu.

Yana kamawa, ka saki maɓalli ya mutu. Tarmokupul ne. Ko bakinshi ya goce daga wuta, ko ya yi baƙi da hayaƙi, ko ɗan goron da ya ɗaure wayarshi bayan maɓalli ya saki. Goge bakin a hankali, maida shi cikin zahi, ɗan matse goron kaɗan. In bai yi ba canza shi, ana saidawa daban. Abin da ba a yi shi ne ɗaure maɓallin da waya ko roba don shi zauna a danne, ranar da iska ta kashe wuta butali duka zai juye cikin ɗakin.

Wuta rawaya, baƙin hayaƙi, ja ɓangare guda. Iska ba ta isa. Nan ne ƙurarmu ke aikinta, ga ta hunturu ga ta dussa ga gashin tsaki. Kashe, bari shi huce, cire filtir ka kakkaɓe, in na ƙarhe ne ko soso wanke ka shanya shi bushe sarai. Lokacin ƙura ni duk kwana biyu nake yi. Leƙa bututun da ke bayan jiklar, sau da yawa yanar gizo ce ko zanzaro ya yi gini ciki.

Jiklar. Kwance shi da kile, ɗaga shi ga rana ka ga ko ramin na haske. Hura shi da famfon keke ko ka kai wajen mai gyaran taya shi busa mishi iska ta baya. Kar a soka allura ko waya, ramin awo gare shi, in ya buɗe ko kaɗan radiyan zai riƙa shan gaz yana hayaƙi har abada sai an sayi sabo. In radiyan mai farantin ƙasa ne kar ruwa shi taɓa shi kuma kar a buga shi, iska kawai.

Da dare lahiya, asuba ya yi sanyi, butali na zufa ko ya yi raɓa daga ƙasa. Gaz na ruwa ne cikin butali, sai ya tashi ya zama iska yake hita, kuma tashin nan na sanyaya butalin. In ya kusa ƙarewa ko ƙarami ne ko radiyan biyu ke ja, ga sanyin asuba, sai matsi shi faɗi. Dalilin da na ce a bar mai kilo 6 ke nan. Magani a sa cikakke da dare a bar ragowar ma kicin, ko kowane radiyan da butalinshi. Kar a kwantar da butali, kar a kihe shi, kar a kai shi kusa da wuta ko a zuba mishi tafasasshen ruwa. In ka kwantar ruwan gaz ne zai bi tiyo, wuta ta tashi har ruhi.

Ya yi fat sai gurnani cikin bututu, bututun na zahi. Wuta ta koma ciki. Ruhe butali nan take. Yawanci raga ta huje ko faranti ya tsage, ko an rage matsi ƙasa da ƙa'ida. In tsagewa ce ba a liƙe ta, canzawa ake.

Ka shigo ka ji warin gaz. Kar ka kunna komi, ko tocila ko makunnin kuran, kar ka kashe wanda ke kunne. Ruhe butali, buɗe ƙofa da tagogi, janye bash daga ƙasa, hita. In wuta ta riga ta kama kuma kana iya kai hannu ga robine ba tare da ka ƙone ba ruhe shi, in ba haka ba hidda mutane ka kira ƴan kwana-kwana a 18.

11. Kashewa da ajiya

Kullum daga butali ake kashewa, a bar gaz da ke cikin tiyo shi cinye wuta ta mutu da kanta. In zubi ya ƙare, bari shi huce, busa mishi iska, wanke filtir, kwance tiyo ka lanƙwasa shi ka duba ko ya fara tsatstsagewa, in ya fara yar da shi yanzu kar ka aje ma baɗi. Sa radiyan cikin leda ka ɗaure baki sosai ka rataye, don in ka bar bututun a buɗe har damana ta wuce, zanzaro zai riga ka shiga.